Motar golf mai fetur da ke tashi ta mutu: bin sawun mai daga tanki zuwa kabureta

'Yan ƙananan motocin nan marasa ƙofa da ake kira motar golf ba su da yawa a Kebbi, amma akwai su a manyan gonaki, da harabar wasu otal-otal, da gidajen biki inda ake kwasar baƙi daga bakin get zuwa rumfa. Galibi tsofaffin shigowa ne, ƙirar Yamaha ko Club Car ko E-Z-GO, wasu na batir, wasu na fetur. Injin masu fetur ɗin dangin na janareta ne da injin ban ruwa na fadama: ƙarami ne, daga wajen cc 290 zuwa wajen 400, iska ke sanyaya shi, babu lagireto. Mafi yawa silinda ɗaya gare su, sai tsofaffin E-Z-GO masu biyu.

Abu biyu ne suka raba su da injin ban ruwa, kuma wanda bai san su ba zai sha wahalar banza. Na farko, makulli ba ya tayar da injin. Totur ake takawa, sai wani dinamo mai aiki biyu ya juya injin ta bel, in ya kama kuma shi ne zai koma cajin batir. Ɗaga ƙafa ke kashe injin. Na biyu, mai ba ya gangarowa da kansa daga tanki, domin tankin bai fi kabureta tudu ba. Fanfo ne ke jawo shi, fanfon kuma ba lantarki yake amfani da shi ba, da numfashin injin yake aiki.

Motar da na duba a wata gonar shinkafa take, a hanyar Argungu. Ta kwashe damina a ajiye ƙarƙashin rumfa da ragowar fetur a tankinta, da aka fito da ita bayan girbi sai ta ɗauki halin tashi ta mutu. Kafin in ɗauki sifana, tambaya biyu na yi wa yaron da ke tuƙa ta.

"Ɗan samari, in ta mutu shiru take yi ɗif, ko kana jin injin yana ci gaba da juyawa?"

"Shina ta juyawa, maigida, kamawa ce ba ya yi."

"In ka bar ta ta huta fa, tana tashi nan take?"

"A'a. Ko an jima, sai na daɗe bisa totur kahin ta kama. Mu ɗan taɓa tahiya, ta sake mutuwa."

Amsar farko ta wanke batir, da makunnin da ke ƙarƙashin totur, da solonoyid mai tura wuta zuwa dinamo. Da ɗaya daga cikinsu ne ya yanke, komai zai tsaya cak, ba za a ji juyin injin ba. Amsa ta biyu kuwa ta nuna hanyar mai. A janareta, in kwanon kabureta, inda mai ke taruwa kafin injin ya sha, ya ƙare, jira kawai ke sake cika shi, tunda tankin yana sama. A motar golf jira ba ya ƙara ko ɗigo. Dogon taka totur ɗin nan ne ke sa fanfo ya tara ɗan mai a kwanon, injin ya kama, ya shanye, ya mutu.

Tsawon lokacin da injin ke yi kafin ya mutu shi ne babban mai ba da labari, don haka da agogon waya nake aunawa, ba da ka ba. Wanda ke mutuwa cikin daƙiƙa biyu zuwa biyar, ko wanda ba ya tsayawa sai an riƙe cok, jet ɗinsa ne, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikin kabureta, ya toshe, ko iska na shiga ta bayan kabureta. Wanda ke yin rabin minti zuwa minti biyu, abin da ke cikin kwano ya sha, kuma ba a kawo masa wani da sauri ba. Kamar randa ce da ake ɗiba da moɗa ana zuba mata da cokali. Wanda kuma ke kai minti 10 ko 20, sai ya yi zafi sosai ya mutu, ya ƙi tashi har ya huce, wannan ba a fara neman laifinsa a mai, a wuta da bawul ake nema. Tamu kusan minti ɗaya take yi in babu kaya, in tana tafe da mutum biyu ba ta kai haka.

Na sa aka tare tayoyin gaba da duwatsu, aka ɗaga bayan da jak har tayoyin biyu suka bar ƙasa, aka tokare ta da katako mai kauri ta ɓangare biyu. Wannan ba abin rainawa ba ne. Motar da totur ke tayarwa, in ana gwada ta tana cikin giya, tayoyinta kuma na ƙasa, tafiya za ta yi da kai. Mai babbar riga ya tuɓe, mai hannun riga mai faɗi ya naɗe, domin bel biyu ne ke juyawa dab da inda hannu zai shiga. Taba sigari kuma a yi nesa da ita.

Gwajin da ba ya cin ko kwabo shi na fara yi. Na bar injin ya yi aiki har ya mutu, nan take na kwance murfin tanki ina saurare. In hanyar shaƙar iskar tankin ta toshe, za a ji "fuss", iska ta faɗa ciki, kuma in aka bar murfin a sake motar za ta daina mutuwa. A ƙasar nan zanzaro ne ya fi toshe wannan ɗan tiyo, domin duk ramin da ya samu a motar da ke ajiye sai ya liƙe shi da laka. A lura, tankin da ke cike ya fi saurin nuna wannan matsala, wanda ke da rabi yana iya ɗaukar mintuna masu yawa. A tamu ban ji komai ba, da murfin a buɗe ma ta mutu a daidai lokacinta. Duk da haka na zare tiyon na hura, iska ta wuce.

Daga nan na raba matsalar gida biyu. Na cire tiyon da ke shiga kabureta na toshe bakinsa, na rataye 'yar gora mai rabin lita na sabon fetur sama da kabureta da kamu biyu, nesa da salansa, na haɗa ta da wani tiyo kai tsaye. Yanzu kabureta na shan mai ba tare da tanki ko filta ko fanfo ba. Injin ya tashi, ya wuce minti ɗaya, ya wuce biyar, bai mutu ba. Ke nan abin da ke kashe shi yana tsakanin tanki da kabureta. Sai dai in na danna totur da ƙarfi yakan yi tari ya ja baya kafin ya ɗauka, alamar ita ma kaburetar ba ta rasa nata ba. Bakanike da yawa kabureta suke fara wargazawa da zarar an ce inji na mutuwa. A ganina wannan gorar ta minti biyar ta fi, domin tana hana a wanke kabureta sau uku a kan laifin da ba nata ba.

Na jawo mai daga can ƙasan tanki da ɗan fanfon roba na hannu zuwa cikin farar kwalba, ba da baki ba. Bayan ya kwanta na ɗan lokaci sai ga shi hawa biyu: a ƙasa ruwa kamar kaurin yatsa, da 'yan baƙaƙen tsaki a cikinsa, a sama fetur da ya yi ja kamar shayi, yana warin tsohon fenti. Ruwan ba lallai wani ne ya zuba ba. Tankin da ke rabi yana shaƙar iska mai laima duk damina, da dare ta zama raɓa a bangonsa, ta gangara ƙasa, inda bakin tiyon tsotso yake. Tsakin kuma daga jarka da mazurari yake zuwa, musamman in a bakin hanya ake sayen man wajen 'yan bumburutu. Tankin nan juye shi aka yi kaf, aka ɗauraye da lita ɗaya na sabon fetur, aka sake juyewa.

Filtar mai 'yar roba ce mai haske a kan tiyo, wasu motocin ɗaya, wasu biyu, kafin fanfo da bayansa. Na cire na hura ta inda kibiyarta ta nuna, da ƙyar iska ke wucewa, takardar ciki ta kumbura da ruwa. Ba a wanke irin wannan, sabuwa ake sawa, kibiya tana kallon wajen kabureta. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka ya gama, domin da sabuwar filta da sabon mai motar ta ƙara daɗewa. Amma ta sake mutuwa.

Saura fanfo. Bai fi tafin hannu ba, baki uku gare shi: ɗaya daga tanki, ɗaya zuwa kabureta, na ukun kuma yana tafiya cikin injin, inda baƙin mai yake kwance. Duk hawa da saukar fistin yana matsa iskar wurin ya sake ta, wannan bugun ne ke bin tiyo na uku ya motsa wata siririyar fatar roba a cikin fanfon, ita kuma ta tsotso mai ta tura. Don gwada shi na zare hular filogi na jingina ta da ƙarfen injin, don kada ya kama, kuma kada wuta ta rasa mafita ta lalata akwatin wuta, wanda ke ba filogi wutar. Na sa bakin tiyon kabureta cikin kwalba, yaron ya taka totur na daƙiƙa 10. Lafiyayyen fanfo tsartuwa yake yi da ƙarfi, tsut tsut tsut, daidai da juyin injin. Namu ɗiga yake yi.

A nan ne ake asarar kuɗi, a yi odar fanfo daga nesa alhali lafiyarsa ƙalau. Kafin a yanke masa hukunci sai an tabbatar bugun yana isowa. Na cire tiyo na uku daga jikin fanfon na ɗora babban yatsa a bakinsa, aka taka totur. Kamata ya yi in ji yana tsotsar yatsan yana turowa sosai, sai na ji abin sama-sama. Na bi tiyon da hannu har inda ya lanƙwasa kusa da injin, a nan na ga wani tabo na maiƙo da ƙura ta manne a kai, ta ƙarƙashi, inda ido ba ya kaiwa. A miƙe tiyon lafiya yake. Da na lanƙwasa shi sai ya buɗe baki, tsagar ta kai tsawon farce. Zafin injin da shekaru sun busar da robar, rabin bugun a nan yake zurarewa.

Na yanka sabon baƙin tiyon fetur mai kwata inci, wato wajen milimita 6 a ciki, daidai tsawon tsohon, na ɗaure bakinsa biyu da kilif. Farin tiyon nan mai haske da magina ke awon ruwa da shi bai dace ba ko kaɗan: zafi na sa shi laushi ya manne, fetur kuma na busar da shi ya karye. A kuma bi da tiyon yadda zai hau daga injin zuwa fanfo ba tare da ya yi kwari ba, don ɗan baƙin man da ke biyo iska ya riƙa komawa. In ya taru a kwarin, shi ma yana kashe bugun. Da aka sake gwadawa, fetur ya riƙa dukan gindin kwalbar.

Tunda ina wurin na zaro sandar awon baƙin mai na shinshina. In fatar cikin fanfo ta yage, fetur yana bin tiyon bugun nan ya sauka cikin injin, sai a ga baƙin mai ya haura alama, ya tsinke, yana warin fetur. In haka ta faru, fanfon da man duka canjawa ake yi kafin a sake tayarwa. Namu a kan alama yake, sai dai ya tsufa, na juye na sa sabo. Injunan nan daga lita 1 zuwa kusan 1.4 suke ci gwargwadon ƙira, littattafansu galibi 10W-30 suke cewa, duk da 20W-50 ya fi cika shagunanmu. Kowanne aka zuba, kada a wuce alamar sama. Cika shi fiye da kima yana tura mai cikin tiyon bugu da akwatin iska, ya jawo irin wannan mutuwar da hayaƙi.

Sai kabureta, saboda tarin da na ji. Noti ɗaya ke riƙe da kwanon ta ƙasa. A gindinsa na tarar da ɗigon ruwa yana yawo da wani ɗanko ruwan ƙasa-ƙasa mai kama yatsa, abin da tsohon fetur ke bari in ya bushe. Na zare 'yar sandar da ke riƙe fulot, wato abin da ke yawo a kan man da ke cikin kwanon, na girgiza shi kusa da kunne. In aka ji mai a cikinsa ya huje, zai nutse, kabureta ta yi ambaliya, injin ya shaƙe da baƙin hayaƙi. Wannan shiru yake. Allurar da fulot ke turawa ta rufe ƙofar mai kuwa ɗanko ya kama gefenta, ba ta zamewa da kanta, wato ko mai ya iso ba ta buɗe masa sosai.

Jet biyu ne abin dubawa. Babban yana tsakiya, shi ke ba da mai in an buɗe totur. Na ɗaga shi ga hasken rana, ramin da ya kamata ya zama zagaye ya koma kamar rabi. Ƙaramin, na silo, raminsa siriri ne ƙwarai, shi ya fi saurin toshewa. Na jiƙa su a maganin wanke kabureta na feshi, na bi su da silin tagulla ɗaya da na zaro daga tsohuwar waya, na hure da iska. Allurar ɗinki ko wayar birki ba sa shiga nan. Sun fi tagullar jet ɗin tauri, suna faɗaɗa ramin, daga ranar motar za ta riƙa shan mai tana baƙanta filogi, kuma babu gyara sai sabon jet. Idan kaburetar na da sukurun daidaita silo a gefe, kafin a kwance shi a fara ɗaure shi a hankali ana ƙirga zagaye har ya zauna, a rubuta, a mayar da shi daidai haka. Gasket ɗin da ke tsakanin kabureta da injin in ya yage a canja, kada a shafe da gam. Iskar da ke satar hanya ta nan ita ke sa inji ya ƙi tsayawa sai da cok.

Filtar iska ta takarda ce, ƙurar hunturu ta cika ta har ta yi nauyi. Bugawa ake yi a hankali a hure daga ciki zuwa waje, ba a wanke ta da fetur ko ruwa, in haske ba ya ratsa ta a sake wata. Murfin akwatin ya rufu ruf da robarsa. Wasu daga cikin motocin nan, musamman tsofaffin Yamaha, ba sa ja da kyau in akwatin iska a buɗe yake, don haka kada a yi gwajin ƙarshe da shi a buɗe a ce gyara bai yi ba.

Filogin ya fito fari-fari a bushe, shaidar injin ya daɗe yana aiki da ƙarancin mai. Baƙi mai toka yana nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, jiƙaƙƙe da maiƙo kuma baƙin mai ne ke haurowa. Na sa sabo mai lamba ɗaya da tsohon, tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8.

Da a ce motar tana cikin masu mutuwa bayan sun yi zafi, gwajin wuta zan yi a daidai lokacin da ta mutu, ba bayan ta huce ba. A riƙe filogi na daban a aljihu, tana mutuwa a sa shi a hular, a jingina da ƙarfen injin, a taka totur. In babu shuɗiyar wuta alhali da sanyi akwai, koyil ne ko akwatin wuta ke yankewa da zafi, abin da ya fi fitowa a bazara, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40. A Club Car akwai kuma wani ɗan akwati mai hana injin wuce gudu, in ya lalace shi ma yana kashe wuta, ana gane shi ta cire wayarsa a gwada. In wuta na nan, sai bawul. Tazararsu tana matsewa da tsufa, ƙarfe ya yi zafi ya miƙe, bawul ya kasa rufuwa, matsin injin ya zube. Ana aunawa injin yana sanyi, fistin yana can sama a bugun matsi. A Yamaha da tsofaffin E-Z-GO milimita 0.10 ne, wasu Club Car kuma da kansu suke daidaitawa. Na auna na tamu washegari da safe, bawul ɗin shigar mai lafiya yake, na fitar hayaƙi ya ɗan matse, na sassauta shi zuwa 0.10.

Batir ya nuna bolt 12.6 a zaune, bai faɗi ƙasa da 10 ba lokacin juya injin, da injin ya ɗauki gudu kuma ya haura 14. Bel ɗin dinamo na ɗan ƙara masa ɗauri, domin yana ƙara in an fara takawa.

An sauke ta daga kan katako, muka ɗora buhun shinkafa biyu a baya, yaron ya zagaya gonar na rabin awa, ana tsayawa ana tashi, har da hawan gaɓar da ke gefen fili. Ba ta mutu ba, tarin ma ya tafi. Abin da aka saya bai wuce filta, tiyo kamu biyu, kilif huɗu, filogi, gasket, baƙin mai da gwangwanin feshi ba, duk ana samunsu wajen masu kayan babur da janareta a Birnin Kebbi ko Jega. Fanfo da akwatin wuta ne kan sa a aika Kano ko Legas, kuma in za a aika a haɗa da tsohon ko hotonsa da lambar injin.

Ga ajiyar damina mai zuwa na bar wa mai kula da gonar abin yi. In motar za ta wuce wata ɗaya ba a taɓa ta ba, a juye tankin, a kwance ɗan sukurun da ke gindin kwanon kabureta a tsiyaye abin da ke ciki, a cire baƙar wayar batir, a ɗaure ƙyallen gidan sauro a bakin tiyon iskar tanki da bakin salansa saboda zanzaro. In kuma ana son ta zauna a shirye, a cika tankin, a riƙa fito da ita kowane mako ta yi tafiyar minti 15, a kuma tace duk man da za a zuba mata da kyalle mai tsabta a bakin mazurari.